Albarushi a Gonar Suruki

Ni ban yi boko ba sai ɗan abin da ba a rasa ba. An kai ni elementare a Gwaram, malamin ya ga kaina babba ya sa rai, ashe iska ce ta cika shi. Kafin a kai ga lissafin rabawa na tsere. Saboda haka duk wanda ya ga rubutun nan a karkace ya yi haƙuri, mai shi ma a karkace yake. Abin da ya sa na ɗauki biro da tsufana haushi ne. Kwanan baya ina zaune a rumfar mai shayi a Birnin Kudu, wani saurayi mai gilashi, gemunsa ma bai gama shawarar fitowa ba, yana ta bayani wai duk al'ummar da ta daɗe ba ta yi yaƙi ba ruɓewa take yi, wai yaƙi ne ke sabunta jinin ƙasa. Yana faɗa yana hura shayinsa kada ya ƙone masa leɓe. Na so in maka masa sandata, sai na tuna in na jefa ta ba ni da abin dogarawa in tashi. Maganar nan ba sabuwa ba ce. Na sha ta tun kafin a haifi ubansa, daga bakin Baffana, ƙanen mahaifinmu, kuma da idona na ga abin da ta yi wa ƙanena.

Mu mutanen Maruta ne. Mahaifinmu ya rasu muna samari, ya bar Inna da mu biyu maza, ni da ƙanena, sai Baffa ya zama shi ne uba a kanmu, komai sai da yawunsa. Shi a cikin Gwaram yake zaune, yana fataucin hatsi da shanu. Mutum ne mai jiki da murya, in ya yi atishawa a zaure sai kaji su watse a tsakar gida. Bai taɓa riƙe makamin da ya wuce wuƙar yankan kaza ba, ita ma yakan miƙa wa wani ya kau da kai. Amma in ana zancen yaƙi, sai ka rantse da kwari da baka aka haife shi.

Kullum bayan la'asar yakan sa a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa, inda ake hango abin da ya rage na tsohuwar ganuwa, mu kuma 'yan cin banza mu kewaye shi saboda tsire da goro. Ni ne shugaban masu gyaɗa kai. Har yau wuyana bai koma daidai ba.

"Ku dubi ganuwar can," haka yakan fara. "Yau awaki ke hawanta, mata na haƙar ƙasarta suna yaɓen murhu. Me ya gina ta? Yaƙi. Lokacin da mahara ke saukowa daga duwatsun kudu, kowa a garin nan yana da aiki. Maƙeri na ƙira, magini na gini, mata na ɗebo ruwan kwaɓi. Rijiya a cikin gari, rumbu a cikin gari. Ba mai cin amanar maƙwabcinsa, don ya san gobe tare za su tsaya a bakin ƙofa. Da Bature ya zo ya hana yaƙi me ya faru? Kowa ya naɗe tabarmarsa ya shiga daji ya kafa bukka. Maza suka koma sai tumbi da tsegumi da shari'ar iyakar gona. Gari kamar jikin mutum yake. In ya daɗe a kwance sai jini ya mutu a cikinsa, dole a kira wanzami ya kafa ƙaho ya zuƙe. To yaƙi shi ne ƙahon al'umma. Da zafi, amma in an gama sai ka ji garau."

Ni kuwa na san wata ganuwar daban, ta bakin Kaka, uwar Inna, wadda ta zauna a cikinta tana ƙarama. Abin da ta riƙe shi ne wari da cunkoso, mutane da dabbobi a matse wuri guda, gero ya nuna a waje ana hango tsuntsaye na ci ba halin fita. Da kuma yayarta, wadda ta fita ɗebo itace aka ga ƙura aka rufe ƙofa tana waje. Ba a sake ganinta ba. Na taɓa kawo wa Baffa wannan, sai ya ce, "Zancen mata ne. Mace ba ta ganin gari, ɗakinta kawai take gani." Ya miƙo mini tsinken tsire, na karɓa. Gardamar ta tsaya nan.

Da yaƙin basasa ya ɓarke, sai Baffa ya zama kamar wanda aka yi wa albishir. Motar ɗaukar soja ta zo Birnin Kudu, na je na shiga layi, ba don jarumta ba, don na ji an ce ana ba da takalmi. Sajan ya dube ni daga sama zuwa ƙasa, tafiyar ba ta yi masa nisa ba, ya ce in koma gida, bindigar ta fi ni tsawo. Ƙanena kuwa dogo ne, ƙirji kamar ƙyauren zaure. In ya kama garma a wurin gayya, makaɗa barin kowa suke su bi shi. Shi ba shi da niyyar soja ko kaɗan. Yana da yarinya a Kangire, 'yar Filanin nan da suka daɗe da zama suna noma da kiwo, tana kawo nono kasuwar Birnin Kudu, kuma magana ta fara nisa tsakaninsu. Baffa ne ya zaunar da shi a zaure.

"Aure ba ya gudu," in ji shi. "Irin wannan lokaci kuwa sau ɗaya yake zuwa. Ka je ka zama mutum ka dawo, ni da kaina zan nema maka ita."

Inna ta yi kuka, amma ba ta da ta cewa. Babban ɗan Baffa kuwa yana da wani ciwon ƙirji na ban mamaki, wanda ba ya tashi sai an hango motar soja. Shi kansa Baffa ya yi nasa yaƙin, yana loda dawa da shanu a manyan motoci ana kaiwa bariki. Kafin a gama yaƙi ya yi wa gidansa rufin kwano. Bayan an gama ya je Makka ya dawo da haƙori mai walƙiya.

Ƙanena ya dawo bayan an ajiye makamai da ɗan lokaci, an sallame shi. Ƙafa biyu, hannu biyu, ido biyu. Inna ta shafa shi ko'ina tana gode wa Allah. Lokacin nan arzikin mai ya fara shigowa, ana shimfiɗa kwalta, rediyo a kowane zaure, keke a ƙarƙashin duk wanda ya isa. Ni ma na kafa rumfar gyaran keke a kasuwar Birnin Kudu. Baffa sai ya riƙa nuna titi da bakin carbinsa yana cewa, "Ban faɗa muku ba? Ƙasa ta farka. Yaran da ba su taɓa wuce Gwaram ba yau sun ga teku, sun iya tuƙi, suna jin Turanci." Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba duka ƙarya ba ce. Kwaltar gaskiya ce, ni ma ina takawa. Kekunan gaskiya ne, da su nake ci.

Wata ran kasuwa ƙanena na zaune a bencina yana taya ni ba taya iska, sai salansar wata tsohuwar mota ta buga, tau! Na juyo, babu shi. Ashe yana ƙarƙashin benci, ya rungume ƙasa, fuskarsa cikin baƙin mai. Mutane suka fara tsayawa. Nan da nan na durƙusa kusa da shi ina ihu, "Ka gan shi? Boris ɗin keken mutane ne ya faɗi fa, ka duba da kyau, in ya ɓata ni za a kama!" Aka yi dariya aka watse. Da ya dawo hayyacinsa ya goge fuska ya ce, "Yaya, ba ni nake yi ba. Jikin ne ke yi kafin in sani."

Bai taɓa ba ni labarin fagen fama ba. Sau ɗaya kawai, muna cin gyaɗa, ya ce can ruwa ba ya ɗaukewa, kuma mutanen da aka tura su yaƙa suna tara ƙasa su shuka doya kusan yadda muke huɗa. "Su ma manoma ne, Yaya," in ji shi, ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa.

Yarinyar Kangire ta jira shi duk tsawon yaƙin. Ta kori manema har aka fara yi da ita a bakin rijiya. Yanzu abu ɗaya ya rage wa ƙanena a duniya da yake tashi dominsa da safe, shi ne auren nan. Ubanta tsoho ne mai ƙarancin magana. Da muka je masa, ya ce, "Ina jin ƙishin-ƙishin game da lafiyar yaron nan, amma ba na aiki da jita-jita. A yi abin da aka saba. Ya kawo gayya a yi mini huɗar dawa, ya ja kunyar farko da hannunsa. In an tashi lafiya, bayan kaka a ɗaura."

Haka ake yi a wajenmu a lokacin. Mai neman aure ya tara samarin garinsu da makaɗa su je gonar suruki, shi ne a gaba, kowa na kallonsa, dangin yarinya na auna ko zai iya riƙe gida. Aikin ba ya ba ƙanena tsoro. Gangar ce matsala, don makaɗan noma a bayan manomi suke bi suna zuga shi.

Sai na buɗe makaranta a bayan gidanmu, ni da ban gama tawa ba. Na ɗauko tasar Inna da muciya, na laɓaɓo bayansa yana gyaran ƙota, na buga. Kafin in ƙifta ido ina sama, ya riƙe ni ta wuya, ƙafafuna na tuƙa keken da babu shi. Da ya sauke ni na samu numfashi na ce, "To, darasin farko ya ƙare." Muka yi ta yi har muka gano bakin zaren. In yana ganin hannun da zai buga, ko me ƙarar abin, yana iya daurewa. Abin da ke kayar da shi shi ne ƙarar da ta zo ta baya ba zato. Shi ke nan. Na je wurin sarkin makaɗan na ce masa dokar bariki ce, ba a tsayawa a bayan soja, su riƙa tafiya a gabansa suna ja da baya suna kallonsa. Ya ce bai taɓa jin irin wannan doka ba. Na ce ai bai taɓa shiga bariki ba. Ni ma ban taɓa ba, amma bai tambaya ba. Na kuma tanadi auduga da man kaɗe da za a toshe masa kunne a ƙarƙashin hula. Sauran addu'a, kada Allah ya kawo hadari ranar.

Dole Baffa ya sani, shi ne waliyyi, kuma shi zai ciyar da 'yan gayya. Na same shi shi kaɗai na gaya masa komai, har zancen benci.

Ya yi dariya har haƙorin ya haska. "Soja da tsoron ƙara? Ku ne kuka lalata shi. Mutum ya saba da wuta, kun kawo shi kun zaunar gaban tukunyar Innarku. Jininsa ne ya kwanta. Bari ya shaƙi warin albarushi ka ga yadda namijin da ke cikinsa zai miƙe."

Na ce, "Baffa, don Allah don Annabi, ko tafi mai ƙarfi kada a yi a bayansa."

"Kai gajere, me ka sani game da yaƙi, kai da aka koro daga layi?"

"Ni dai ko layin na shiga, Baffa."

Ya jefe ni da takalmi. Na kauce, na ɗauko masa, na ajiye a gabansa kamar ɗan kirki. Na tafi hankalina kwance, don a iya sanina Baffa bai taɓa aikata ko ɗaya daga abin da yake faɗa ba.

Ranar gayya gari ya waye tas, ba gajimare. Samarin Maruta suka isa Kangire, wasu a keke, wasu a ƙasa, garemani a kafaɗa. Dawa ta kai ƙugu, kore shar, ƙasa ta sha ruwa ta yi laushi. Mata suka jera ƙoren fura a gindin ɗorawa, yarinyar na cikinsu tana damu, tana yi kamar ba ta san abin da ake yi ba. Tsohon ya shimfiɗa buzunsa can gefe ya zauna. Na cusa wa ƙanena auduga, na ja masa hula, na ce, "Kana jina?" Ya ce, "Me?" Na ce madalla.

Makaɗa suka tsaya a gabansa suka saki kiɗa. Ya dube su, ya tofa yawu a tafinsa, ya sunkuya. Wallahi ban taɓa ganin huɗa irin ta ranar ba. Garma na shiga, ƙasa na juyawa tana kwanciya a gindin dawa kamar da hannu aka jera ta. Ya kai ƙarshen kunya ya juyo, na biye da shi bai kai rabi ba. Makaɗa na ja da baya har suna tuntuɓe, samari na ihu suna ƙoƙarin kamo shi. Ni aikin ruwa aka ba ni, don in na riƙe garma ba a sanin wa ke jan wani. Ina kai buta na ga yana murmushi. Tun da ya dawo ban ga haƙoransa ba sai ranar. Na saci kallon tsohon, na ga yana gyaɗa kai a hankali. Kafin hantsi ya yi zafi an ci fiye da rabin gonar.

Sai ga a-kori-kurar Baffa ta tsaya a bakin gona, ta bayan manoma. A bayanta maharba ne, kowa da doguwar bindigarsa. Ƙanena ya ba su baya, kunnensa a toshe, bai san an zo ba. Na yar da buta na zura a guje ina ɗaga hannu, ina tsallake kunyoyi da waɗannan ƙafafu nawa da Allah bai yi don tsallake ba. Baffa ya fito ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya ɗaga murya, "Ga sojan gidanmu! A gaishe shi yadda ake gaida maza!" Ya sauke hannu.

Suka saki gaba ɗaya. Ƙasa ta girgiza, hayaƙi ya turnuƙe, warin albarushi ya rufe gonar.

Ƙanena ya zube. Ya shiga jan ciki tsakanin kunyoyi yana karya dawa, yana kiran sunayen wasu mutane da ba mu san su ba. Ya cafko sarkin makaɗa ta ƙafa ya kayar da shi, ya haye kansa ya rufe shi da jikinsa, yana ihu, "Ku kwanta! Ku kwanta, za su sake!" Wasu samari suka fara dariya, suna zaton wasa ne, sai dariyar ta mutu a bakinsu. Da na isa na cire masa audugar ina kiransa, na ga wandonsa ya jiƙe, kuma ba gumi ba ne. A gaban surukai, a gaban mata, a gaban samarin gari biyu. Yarinyar ta saki ludayi ta miƙe za ta taho, gwaggonta ta riƙe mata hannu. Na tuɓe rigata na ɗaura masa a ƙugu, rigar ma ba ta kai ta zagaye shi ba. Tsohon ya tashi, ya kakkaɓe buzunsa, ya naɗe, ya nufi gida.

Na bar ƙanena a hannun abokansa na nufi motar. Ranar na faɗa wa Baffa abin da ɗa ba ya faɗa wa baffansa.

"Na roƙe ka! Na haɗa ka da Allah na roƙe ka!"

Na ga kamar abin ya taɓa shi. Sai ya gyara riga ya ce, "To, yanzu dai an san gaskiya. Yaƙi tankaɗe ne, yana fid da gari ya bar tsaki. Wasu ya gina su, wasu kuma ya nuna dama can ba su da ƙwari. Ba laifin yaƙi ba ne."

"Tsaki? Shi ne tsaki? Baffa, wanzamin ma a bayan wanda ya kira shi yake kafa ƙaho. Kai ka kira, aka kafa a bayan maraya. Kuma jinin da aka zuƙe ba matacce ba ne, shi ne mafi kyau a gidanmu. Naka mataccen yana nan a jikinka, ga shi har ya taru a wuya!"

"Ka gama?" in ji shi. "In ka gama a sauke tuwon nan daga mota, kada ya huce."

Ba wanda ya ci tuwon. 'Yan gayya suka saɓa garemaninsu suka watse, gonar ta tsaya rabi a huɗe rabi a haka.

Na yi shekaru ina juya maganar Baffa a raina, ina ɗaure ƙafar keke ina kwancewa. Abin da ke ba ni haushi da irin wannan tunani shi ne ba ya taɓa faɗuwa. In ka dawo da arziki, yaƙi ne ya gina ka. In ka dawo a karye, dama tsaki ne kai. In ba ka dawo ba, ka zama taki, ƙasa za ta yi kyau. Ta ko'ina mai maganar ne da riba, kuma kullum a zaune yake. Ban ƙi ba, tsoro na haɗa kan mutane, na yarda kakanninmu sun yi aikin da mu ba za mu iya ba. Amma abin da Baffa ke kuka an rasa, maza a jere suna aiki ɗaya da zuciya ɗaya, ga shi nan a gabansa a gonar nan, ba a kashe kowa ba, ba a rufe wa kowa ƙofa ba. Shi ne ya zo ya harbe shi. Baffa ya mutu a kan katifarsa da tsufa, jikoki kewaye da shi, bai sake ra'ayi ba. Na yi masa salla don hakkin Musulmi ne. Allah ya gafarta masa. Ni dai har yau ina ƙoƙari.

Bayan 'yan kwanaki na sayi goro na koma Kangire ni kaɗai. Na sami tsohon yana tufkar igiya a inuwa. Na durƙusa na gaishe shi, na fara zuba, ina cewa ai ko ni aka harba wa bindiga ta baya sai na yi abin da ya fi haka, ni da ko zakara ya yi cara ba shiri sai na nemi bayan gida. Bai yi dariya ba.

"Ɗana," in ji shi, "ban ƙi yaron nan ba. Na ga huɗarsa. Na kuma ga abin da ya yi wa makaɗin, da jikinsa ya rufe shi. Mutumin kirki ne."

"To Baba, a taimaka. Ai ba kullum ake harba bindiga ba."

"Damina da tsawa take zuwa. Ranar da za a yi tsawa yana riƙe da jikana fa? Ko yana riƙe da lauje ita tana kusa?"

"Akwai auduga, Baba. Muna toshe masa kunne."

"Za ka bi shi da auduga har ɗakinsa?"

Na tambaye shi ita yarinyar fa. Ya ce ta ce ta ji ta gani, tana so a haka, kuma tun ranar ba ta ci abin kirki ba. "Amma ni ne ubanta. In wani abu ya faru ni za a tambaya, nan da can." Ya tura mini gorona a hankali. Ban iya jin haushinsa ba, kuma na so in ji.

A hanya na shirya ƙarya kala-kala, wai an ɗaga sai baɗi, wai tsohon ba ya nan. Da na shiga gida na sami ƙanena a gindin bishiya yana wasa garma, sai duk suka gudu suka bar ni.

"Yaya, me ya ce?"

Na gaya masa yadda aka yi, ban rage ba. Ya daɗe yana shafa bakin garmar da babban yatsa.

"Gonar fa? An ƙarasa?"

"Ba a ƙarasa ba."

"In ba a huɗe ta ba iska za ta kwantar da ita."

Washegari ya ɗaure garma a bayan kekena ya tafi Kangire. Haka ya riƙa yi kullum, shi kaɗai, ba ganga ba kirari. Ya tayar da karan da ya karya, waɗanda za su tashi, ya tara musu ƙasa. Mutanen garin na wucewa suna kau da kai don kada ya ji kunya. A ranar ƙarshe na bi shi, wai in taya shi, na zauna a inuwa ina ba da umarni. Da ya kai ƙarshen kunyar ƙarshe, sai ga tsohon da kansa ɗauke da ƙwaryar fura. Ya tsaya ya dubi gonar daga wannan gefe zuwa wancan, ya miƙa masa.

Kowa ya sani mai neman aure ba ya cin komai a gaban suruki, ko yunwa za ta kashe shi. Ƙanena ya dubi ƙwaryar, ya dubi tsohon. Sai ya tsuguna ya karɓa da hannu biyu, ya yi bismilla, ya sha a gabansa har ya ƙoshi. Ya goge baki ya ce, "Na gode, Baba." Tsohon ya ce, "Allah ya ba ka lafiya, ɗana."

Muka turo keken muka kamo hanyar Maruta a ƙasa, don ba wanda ya ji zai iya hawa. Yarinyar ta yi aure bayan shekara ta zagayo, can wajen Birnin Kudu. Shi bai sake neman aure ba.